Tukunyar Iskar Hajo

Gaya, 27 ga Ramadan

Zuwa ga angona, Malam Abdulsalam, tsohon hedimastan Gafasa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana shan ruwa lafiya, kai da mutanen gida. Na kira wayarka sau uku, kana ta "wa ke magana?" har na haƙura. Tun da kunnen ya ƙi, na koma takarda, dama ita kake so don ka samu abin gyarawa da jan biro. Sagiru mai kawo kindirmo Gaya a babur zai riƙa kai maka. Na wanke hannu kafin in rubuta, amma in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka shanya ta a rana kafin ka buɗe.

Kaka, bana ba zan zo Sallah ba. An mai da ƙaramin asibitinmu na bayan gari wurin killace masu cutar korona, mu da ke aiki a ciki kuma ba a yarda mu koma gida ba. Mu biyu ne malaman jinya a ɗakin masu tsanani, ni da Muzammil, wanda ya riga ni fara aiki da shekara goma. Likita sau biyu yake zuwa a mako, sauran kwanakin ta waya muke jin sa.

Gado takwas ne a ɗakin, injin da ke ba mara lafiya iskar oksijin kuwa guda ɗaya tak. Tukwanen iska biyu da muke da su sun ƙare, an kai su Kano ciko tun makon jiya, har yau shiru. Muna da wani ɗan ma'auni da ake maƙala wa mutum a yatsa, ya nuna yawan iskar da ke jininsa. Mai lafiya yana nuna casa'in da biyar zuwa sama. Wanda ya faɗo ƙasa da casa'in, inji yake bukata. Likita ya rubuta ƙa'ida ya manna a bango: wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ne a gaba. In lambobi sun yi kusa, a duba wanda ya fi alamar tashi. Ba a cire wa wanda aka riga aka sa wa, in cirewar za ta kashe shi. Ba dangi, ba sarauta.

A jikin bango abin da sauƙin karantawa. Jiya mutum biyu suka zuba mini ido, ni kuma robar hanci ɗaya ce a hannuna. Na sa wa wanda ƙa'ida ta ce, amma da magariba ko ruwa na kasa haɗiya sai da Muzammil ya yi mini faɗa.

A gaishe mini da Inna. Na san ba za ta amsa ba, bango za ta duba ta ce madalla.

Amaryarka da ka kasa yi wa kayan Sallah,
Zulfa

Gafasa, 3 ga Shawwal

Zuwa ga jikata kuma amaryata mai tsiwa, Zulfa.

Wa alaikis salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na shanya ta a kan danga, akuyar Zuhra ƙanwarki ta kusa yin buɗe-baki da ita. Kuskure biyu na samu a ciki, na yafe miki saboda Sallah. Kayan Sallah kuwa, matar da ta gudu ta bar mijinta ba ta da bakin tambaya.

Game da abin da ya hana ki shan ruwa, ki saurari tsohon malami. Na taɓa raba littafi goma sha biyu ga yara sittin. Abin da na koya shi ne, mai rabo ya kafa ƙa'idarsa tun kafin ya ga fuskoki, in ya gan su kuma kada ya sake ta. Likitanku ya yi daidai. Ki bi bangon nan, ki bar wa Allah sauran.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Uwarki Hajo ba ta da lafiya. Tun jajibirin Sallah take zazzaɓi, amma ta zauna Zuhra ta yi mata ƙunshi, ta yi tuwon Sallah, ta raba wa maƙwabta. Jiya na gan ta ta tsaya sau biyu tsakanin rijiya da madafi, tana dafa bango. Na tambaye ta, ta ce gajiya ce. Na haifi Hajo, na san gajiyarta, wannan ba ita ba ce. Gobe da safe za a kawo ta wurinku a a-daidaita-sahu. Ta ƙi da farko da ta ji asibitinku ne, sai da na ɗaga murya.

Kin san halin da ke tsakaninku. Ke ce 'yar farinta. Tun da aka yaye ki aka kawo ki ɗakin kakarki, Allah ya ji ƙanta, Hajo ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanki ba. Mu Fulanin da muka ajiye sanda muka ɗauki fartanya, shanu sun tafi amma kunya tana nan. Kada ki ɗauka ƙi ne. Duk takardar da kika aiko, tana samun dalilin shara a ƙofar ɗakina lokacin da nake karantawa, ni kuma da ƙarfi nake karatu saboda kunnena.

Allah ya tsare mini ke. Ki ci abinci, ba na son amarya ƙashi da rai.

Mijinki na fari,
Abdulsalam

Gaya, 5 ga Shawwal

Angona,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Inna ta iso jiya da hantsi, ka kwantar da hankalinka, jikinta da sauƙi.

Ta zo a daidai lokacin da injin ya samu sarari, don wanda ke kansa ya warware ya koma ɗakin masu sauƙi. Kusan tare da ita aka kawo wata Hanne daga Balan, yarinya mai cikin wata bakwai, tana numfashi kamar wadda ta yi gudu. Muzammil ya fita karɓo magani, ni kaɗai ce a ɗakin. Na gwada Hanne, tamanin da biyar. Na zo kan Inna, ta miƙo hannu ta kau da kai. Na maƙala mata ma'aunin, ya yi ta ƙyafta ido ya ƙi nuna komai. Na sake yatsa, haka. Ka gaya wa Zuhra ta iya ƙunshi, ya kama baƙi wuluk har kan farce, hasken ma'aunin ya kasa ratsawa.

Sai na koma gwajin ido. Na tsaya daga bakin ƙofa ina ƙirga numfashinta. Tana zaune cak a kan gado, mayafinta a gyare, ko tari ba ta yi ba. Na ce, "Inna, ƙirjin yana ciwo?" Ta dubi taga ta ce, "A gaya wa masu asibitin nan lafiyata ƙalau, Malam ne da rigima." Na kusa yin dariya a cikin takunkumi. Na sa wa Hanne injin, cikin rabin sa'a ta hau casa'in da uku.

Ka ga na bi bangonka. Har na ji daɗi da abin ya zo a haka, don masu gadi da masu shara duk sun san uwata ce, suna leƙe su ga abin da zan yi.

Ta sha kunu rabin kofi, bayan na fita, ba sai na faɗa ba.

Taka,
Zulfa

Gaya, 6 ga Shawwal

Kaka,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Abin da na rubuta maka jiya ba daidai ba ne, kuma laifina ne.

Yau da safe na fita shanya, Muzammil ya shiga ɗakin ba zato. Ya tarar da Inna ta kife a gefen gado, tana jan iska da baki, leɓenta ya sauya launi. Da ta ji takuna a baranda sai ta miƙe zaune, ta gyara mayafi, ta rufe baki. A gabansa ta yi. Ashe kwana biyun nan haka take yi: in ina nan ta danne numfashi da tari, in na fita ta biya bashin iskar da ta riƙe. Muzammil ya maƙala mata ma'aunin a fatar kunne. Tamanin da ɗaya.

Kaka, na san ana gwadawa a kunne. A makaranta an koya mana, na yi wa wasu matan masu lalle. Amma in ɗaga mayafin Inna in kama kunnenta, ni da ban taɓa taɓa ko gyalenta ba? Hannuna ya ƙi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Ban so in ga lambar ba. Na ji tsoron ta fito ƙasa da ta Hanne, in sa wa uwata inji a gaban mutane, a ce ga abin da ake faɗa. Da ta ce lafiyarta ƙalau sai na karɓa da hannu biyu. Ranar da suka zo, tabbas lambar Inna ce a ƙasa. Injin nata ne a ƙa'ida, ni na hana ta.

Mun kira likita. Ya sa muka ɗan cire wa Hanne robar don a gani, kafin minti biyar ta faɗo tamanin da uku, ga ɗa a ciki. Ya ce a mayar, ba za a cire ba. Ya nema wa Inna gado a Kano, ya ce babu, kuma tafiyar ba iska ta fi zaman haɗari. An ce tukwanenmu sai Litinin. Yau Juma'a.

Inna ta ji duk abin da ake yi. Gadonta yana kusa da na Hanne, sai ta juya gare ta, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, ta ce, "Yarinya, ki gaya wa ma'aikaciyar nan, in ta cire miki abin nan ta sa mini, ban yafe ba. Ba za a ce a garin mutane ta zaɓi uwarta ba." Ina tsaye a tsakaninsu, taku ɗaya.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na dawo na wanke hannu. Likita ya ce a kwantar da ita rub-da-ciki, yana taimaka wa huhu. Ni na juya ta da hannuna. Ban nemi izini ba, ita ma ba ta hana ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, Kaka. Ban san haka take ba.

Ka yi mana addu'a, ka kuma yafe mini.

Zulfa

Gafasa, 7 ga Shawwal, da safe

Zulfa, 'yar albarka,

Wa alaikis salam. Ban shanya wannan takardar ba, a tsaye na karanta ta duk da kin ce in zauna.

Ba ni da abin yafe miki, don a wurina kika gaji abin. Zan gaya miki maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da Hajo ta gama aji shida, an ba makarantarmu gurbi ɗaya na yarinya a makarantar kwana ta 'yan mata. Aka yi jarrabawa, Hajo ta zo ta ɗaya, wata yarinya ta bi ta da ratar maki huɗu. Ni ne hedimasta. Na kwana uku ina jin abin da za a faɗa a bakin masallaci, sai na aika da sunan ta biyun. Garin nan kaf aka yi ta yabona, har yau in ana misalin mai gaskiya sunana ake kamawa. Na sha yabon nan shekara talatin da wani abu, alhali zalunci na yi. Gurbin nata ne, na ba da shi na sayi sunan kirki. Hajo ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Amma har gobe in ta ga takarda a ƙasa sai ta ɗauka ta karkaɗe ta ajiye a kan taga.

Na rubuto miki kwanan baya ina ta koyar da ke rabon littafi. Bakina ne ya yi tsawo. Littafi goma sha biyun nan, ba ko ɗaya da wani ya mutu don bai samu ba.

To, ban zauna ba. Jiya da la'asar na tuna da Bala mai walda a Ajingi, ɗalibina ne, wanda lissafi ya gagara amma hannunsa ya yi albarka. Masu walda da iskar oksijin suke hura wutarsu. Na sa Sagiru ya kai ni. Tun da aka hana kasuwa shagonsa a rufe yake, ga tukunya doguwa cike, ko buɗe ta bai yi ba. Ban gama bayani ba ya fara kwance sarƙar da ya ɗaure ta. Kin ce tukwanenku aka kai Kano, ina fatan kawunan da ake ɗaura musu don sakin iska suna nan wurinku. Ki tambayi likita ko ta yi.

Sagiru ya samo a-daidaita-sahu, ga ta nan tare da takardar nan. Na ɗauki alli na rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe, HAJO ABDULSALAM, don kada a yi kuskure. Wannan ba ta gwamnati ba ce, ba ta shiga lissafin bangonku ba. Uba ne ya nemo wa 'yarsa. Sau ɗaya dai a rayuwata in ba ta abin da yake nata.

Ki sa mata yanzu. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Abdulsalam

Gaya, 7 ga Shawwal, kafin azahar

Kakana,

Assalamu alaikum. Tukunya ta iso. Na ga rubutunka tun daga nesa, har da layin da ka ja a ƙarƙashi da kyau kamar a allo. Na tsaya na dafa ta.

Bakinta ya yi daidai da kawunan da muke da su. Likita ya ce ba irin ta asibiti ba ce, amma a halin da ake ciki ya yarda. Ya lissafa, in mutum ɗaya ne aka bi ta a hankali za ta iya kai shi safiyar Litinin. In aka raba wa biyu, gobe ta ƙare, ba wanda zai kai.

Na ambaci biyu ne saboda da sassafe, kafin Sagiru ya iso, an kawo wani tela daga cikin Gaya, Muhammad Bashir. Bai kai arba'in ba. Ya yi azumin nan kaf a kan keke yana ɗinkin Sallar mutane. Matarsa tana bakin ƙofar asibiti da goyo, an hana ta shiga, ta ƙi tafiya. Lambarsa tamanin. Ta Inna da safen nan tamanin da ɗaya, in tana rub-da-ciki takan taɓa tamanin da huɗu. Shi ma mun kifa shi. Gadonsa yana kallon nata.

Muzammil ya ce tukunyar nan dukiyarka ce. In ka ce ta Hajo ce ita kaɗai, za mu sa mata, ba wanda zai ga laifinmu, likita ma haka ya ce. In kuma ka ba asibiti, to ta shiga ƙa'ida: Muzammil zai gwada su biyun sau uku, ya karanta wa likita lambobin da shekaru da sauran bayani ba tare da suna ba, likita ya yanke. Ni zan fita daga ɗakin. Zaɓin zai iya faɗowa a kan Inna, zai iya faɗowa a kan telan. Ban sani ba, wallahi ban sani ba.

Ka ce in sa mata yanzu, na kuwa kama tukunyar zan shigar. Sai na ga ta gaban gadon mutumin nan zan gangara da ita, yana kallo, yana karanta sunan. Lokacin da ka rubuta, ba ka san da shi ba. Ba zan yanke maka ba, ba zan kuma ɓoye maka shi ba, na gaji da kau da ido daga lamba. Amma in gaya maka abin da ke raina: ina so ka ce a sa mata. Jiya da nake gyara mata matashi ta riƙe mini yatsa, ba ta saki da wuri ba. Shekarata talatin ina jiran wannan, ba na so ya zama shi ke nan.

Tukunyar tana ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa. Sagiru ya ari babur, ya ce zai je ya dawo kafin la'asar. Kada ka tsaya gyara mini rubutu.

Taka har kullum,
Zulfa

Gafasa, 7 ga Shawwal, bayan azahar

Zulfa,

Wa alaikis salam. Sagiru bai kashe babur ba, don haka zan gajarta.

Ina son 'yata ta rayu fiye da duk wanda ke ɗakin nan, har da telan da matarsa da goyonta. Ban ji kunyar faɗa ba. Shi ya sa bai kamata ni in zaɓa ba. Ki jiƙa tsumma ki goge allin. Na ba asibiti.

Amma da sharaɗi. A gwada ta da gaskiya, tana kwance yadda ciwon ya bar ta, ba a zaune da gyararren mayafi ba. Ki gaya mata da bakinki, ba ta bakin Hanne ba, cewa ubanta ya ce in tari ya zo ta yi shi, in numfashi ya ƙi ta bari a gani. Kada a sa ta gaba don tamu ce. Kada kuma a mai da ta baya ko da taku ɗaya don tamu ce. In zaɓin ya faɗo a kanta ta ce ba ta so, ki ce ni na ce ta karɓa, nata ne.

In an gama gwajin ki koma ɗakin ki zauna kusa da ita, ko wa aka ba. Ki bar mata yatsan.

Zan sa a fitar mini da kujera bakin hanya. Kada ki rubuto mini lambobi. In tana nan, ki aiko Sagiru da takarda, ko layi ɗaya ne, ki ce ta sha kunu. In kuma ɗayan ne, kada ki wahalar da kanki da biro. Ki turo shi haka nan, zan duba hannunsa tun daga kwana.

Allah ya ba ku sa'a, ku duka ukun da ke kwance, da ku biyun da ke tsaye.

Kakanki,
Abdulsalam